Shekaruna a Ƙarƙashin Kashin Awaki

Tun da na dawo daga Filato jama'a suka hana ni sakat. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna wurin mai shayi a tare ni: "Malam Haladu, wai da gaske ne ka je neman shekarunka a ramin kuza?" Kowa da irin nasa labarin. Wani ya ji an ce na faɗa tafki, wani kuma ya rantse an gan ni a Bukuru sanye da rigar mata. Na farkon ƙarya ne. Na biyun za mu zo kansa. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in sha shayina da zafinsa.

Shekarar da gwamnati ta kwashe komatsanta daga Ikko ta dawo Abuja, ni ne babban akawun ɗakin fayil na ma'aikatarmu. Ni na tsaya a kan lodin fayiloli da kaina. Don tsabar wayo sai na ɗora nawa a can sama, wai don ya zama shi za a fara saukewa, kada ya ɓace cikin hayaniya. Ruwan sama ya kama motar a wajejen Abaji, tamfol kuwa ashe da huda a tsakiyarsa. Fayilolin kowa suka iso lafiya lau, har na waɗanda suka daɗe da rasuwa, in ban da na saman nan. Shafin farko, inda aka rubuta ranar haihuwata, ya koma kamar an wanke allo.

Ba a jima ba aka kafa kwamitin tantance ma'aikata. Suka tono wata tsohuwar takarda ta likitan da ya duba ni ranar da aka ɗauke ni aiki. Mutumin nan haƙorana kawai ya leƙa ya kintaci shekaruna, ya ƙara mini uku a kan waɗanda ke cikin takardar makarantata, ita kuma tana cikin fayil ɗin da ruwa ya ci. A lissafin kwamiti, a watan Disamba zan cika sittin in yi ritaya. A nawa lissafin, da sauran shekara uku cur.

Ba kujerar ce ta dame ni ba, gidan ne. Shekara ashirin da wani abu muka yi ni da matata Hajara a ɗaki da falo a Ikko, muna bin layin banɗaki da maƙwabta. Muna zuwa Abuja aka ba mu gida mai ɗaki uku a Garki, famfo a ciki, ba a waje ba. Hajara har ta shuka zogale a bayan kicin. Wanda ya yi ritaya kuwa makulli yake miƙawa. Na ce zan kawo takardar rantsuwa daga kotu, shugaban kwamiti ya ce sun daina karɓa, don a makon nan wani ya rantse har ya kusa zama sa'an ɗansa na fari.

A nan na tuna da maganar mahaifina. Audu Birkila ake ce masa, magini ne a wani barikin haƙar kuza a kan dutsen Filato, wanda ake kira Barikin Mailofe. Al'adarsa, duk simintin da ya zuba sai ya ɗauki ƙusa ya rubuta shekara a jiki tun yana ɗanye. Ya sha gaya mini cewa ranar sunana shi ya zuba daɓen ɗakin injin ruwa, don murna ya rubuta sunana a saman shekarar. Ban taɓa gani ba, don ba a barin yara su shiga ɗakin inji. Na gaya wa shugaban kwamiti. Ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya ce in dai siminti ne ba ya rantsuwar ƙarya, in je in ɗauko hoto, amma da shaida daga kwamiti. Ya haɗa ni da Barnabas.

Da an ba ni zaɓi, da ban zaɓi Barnabas ba. Mutumin Gbagyi ne ɗan Kuje, magatakardan kwamitin, dattijon coci, mai gaskiya har ta yi masa yawa. Shi ne mutumin da in biro ya ƙare masa yake mayar da fankon sito ya sa a rubuta. Tun a ofis ya yi mini kashedi.

"Oga, ni abin da idona ya gani shi zan rubuta. Ko ubana ne, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba."

Na ce masa abin da nake so ke nan.

Ranar Asabar da safe muka haɗu a tashar Jabi. Ga zafin Abuja tun da sassafe, sai ga Barnabas ya ɓullo da suwaita, kwat a kai, hular sanyi har kunne, akwatin hoto na aro rataye a wuya, yana zufa kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ni kuwa ina cikin farar shaddata 'yar shara-shara ta Ikko. Na yi masa dariya son raina.

"Barnabas, Jos za mu ko Ingila?"

"Oga, an ce wurin yana da sanyi sosai."

"Ga baƙo ba. Ni a can aka yanke mini cibiya, sanyin ya san ni."

Muka sami mota saura mutum biyu ta cika, muka yi hamdala muka shiga. Muna zama sai mutum uku suka fice ɗaya bayan ɗaya, ashe 'yan tasha ne da ake zaunarwa don a ja fasinja. Sai da hantsi ya dubi ludayi... a'a, sai wajen sha ɗaya muka tashi. Barnabas ya zaro ɗan littafi ya rubuta lokacin. Ko rabin awa ba mu yi ba muka wuce Nyanya muka isa Mararaba, inda ƙasar Abuja ta ƙare ta Filato ta fara. Ba wata alama sai wani allo da ya karkace da masu tallar rake. Barnabas ya sake zaro littafi ya rubuta cewa mun fita daga babban birnin tarayya lafiya. Wata mata da ke gefensa ta tambaye ni a hankali ko ɗan sandan ciki ne.

A Akwanga aka tsaya cin abinci. Na ci sakwara da miyar agushi wadda barkononta ya sa na tuna Ikko. Ina wanke hannu na hangi direbanmu yana cika jarkoki uku da ruwa, yana kuma zaɓen wani ƙaton dutse a bakin titi ya sa a bayan mota. Na ɗauka wata sana'a ce tasa ta daban, ban tambaya ba.

A Hawan Kibo na gane. Hanya ce da ta miƙe tsaye tana nannaɗe dutse, rami a gefe wanda in ka leƙa ba ka hango ƙarshensa. Motarmu ta hau kwana biyu na farko da kyar, a na uku ta yi tari, ta fitar da tururi, ta tsaya. Direba ya ce kowa ya sauka. Maza za su tura, mata su taka da ƙafa. Ni kuma, wai don girmama furfurata, aka ba ni aiki mai sauƙi: in riƙe dutsen nan in bi motar a baya, duk sa'ad da ta tsaya in cusa shi a bayan taya kada ta koma Akwanga da baya. Wanda bai taɓa hawan dutse rungume da dutse ba kada ya ce mini ya san wahala. Muna cikin haka yayyafi ya sauko, wata iska ta biyo shi, ta ratsa shaddar nan tamkar ba na sanye da komai. Haƙorana suka shiga kaɗawa. Barnabas yana tura mota cikin kwat ɗinsa, ya waiwayo ya dube ni da fuskar tausayi.

"Oga, sanyin bai gane ka ba ne?"

Na ƙara rungume dutsena na bi motar.

Muna sauka a Bukuru na nufi masu gwanjo kai tsaye. Ban duba launi ba, ban duba ɗinki ba, na ce a ba ni wadda ta fi kauri. Aka miƙo mini wata doguwar kwat ja mai gashi-gashi a wuya, na zura, na ji rai ya dawo. Na lura maɓallan suna ba ni wahala, kamar an ɗinka su a baibai, amma na ce ko haka Turawa ke yi yanzu. Barnabas ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa.

Masaukinmu gidan yayata ne, Yaya Asabe. Ita ce babbarmu, ita kaɗai ta rage mini, mijinta ya rasu, tana sayar da waina a ƙofar gida, bakinta kuwa ya fi wuƙar fawa kaifi. Na yi sallama, ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Haladu, wace baiwar Allah ka tuɓe wa riga a hanya?"

To ga amsar masu tambaya. Rigar mata ce, kuma ban cire ta ba har na bar Filato, don na gwammace dariyar mutane da sanyin garin nan.

Ta kawo mana gwaten acca mai zafi da ganye a ciki, abincin da rabona da shi tun ina yaro. Barnabas ya yi ƙari sau biyu, ya rubuta sunan abincin a littafi. Na zayyana wa Yaya abin da ya kawo mu, da kwamiti, da gida, da simintin Baba. Ta daɗe tana kallona tana tauna goro. Na ɗauka za ta ce wani abu, sai kawai ta ce, "Da ni za a je." Ni kuma ban tambaye ta komai ba. A raina na ce me tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta gaya wa kwamitin gwamnatin tarayya?

Mutanen can suna da abin mamaki. A Abuja inuwa ake nema, a can kowa rana yake bi, za ka ga dattawa sun jeru a jikin bango da safe kamar ƙadangaru. Man gyaɗa sai an kai shi kusa da wuta kafin ya yarda ya fito daga kwalba. Ruwan alwala kuwa, na yi asuba guda a garin na fahimci dalilin da ya sa limaminsu ke karanta gajerun surori.

Washegari, bayan Barnabas ya je coci ya dawo, muka hau a-kori-kura mai zuwa ƙauyuka, Yaya a gaba, mu a baya kan buhunan dankali. Inda mota ta ƙare muka taka ƙafa, tsakanin gonakin da aka shinge da ƙyarana. Ina tafe ina ba Barnabas labarin barikin da na sani: layin ɗakunan lebura, kasuwa, kanti, jiniyar da ke tashin mutane da asuba, dubban mutane suna hawa da sauka cikin rami da kwano a ka. Muka haura wani tudu, Yaya ta tsaya ta ce, "Ga shi nan."

Babu kowa. Tsibin jar ƙasa nan da can, ciyawa ta rufe rabi. Ramukan duk sun zama tafkuna, ruwan kore shar, shiru kamar ba a taɓa yin magana a wurin ba. Babban injin haƙa mai dogon wuya, wanda muna yara muke jin tsoron ƙararsa, yana tsaye ya yi tsatsa, wasu mata sun shanya wanki a jikinsa. Gidan Bature Mailofe, wanda barikin ya ci sunansa, babu rufi babu ƙofa, sai bututun murhu kaɗai a tsaye, gwanda ta fito a tsakiyar falo. Yaya ta nuna wani gindin gwaiba ta ce nan ɗakinmu yake. Na tsaya ina kallo, ina neman inda ƙofarmu take a da. Ban zaci zan ji komai ba, ni da na zo neman lamba huɗu kawai.

Barnabas kuwa ya kama ɗaukar hoto ba ji ba gani. Ya ɗauki inji, ya ɗauki tafki, ya ɗauke ni cikin jar kwat. Na daka masa tsawa ya rage mana fim, don sha biyu kacal yake ci.

Ɗakin injin ruwa ne kaɗai ke da rufi, kuma da ƙofar kara a bakinsa. Tun daga nesa hanci ya gaya mana wa ke zaune a ciki. Wani tsoho ya taso daga gonar dankali da ke gefe, dogo, rama-rama, da fartanya a kafaɗa. Da Pam sunansa, mutumin Birom ne, ya ce shi ke zuba wa injin nan mai tun yana saurayi, da kamfani ya watse sai ya gaji ɗakin ya zuba awakinsa. Da na ambaci Audu Birkila sai ya ajiye fartanya ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Kai ɗan Audu ne? Audu mai rubutu a siminti! Mutum mai kirki. Bai taɓa cin haƙƙin kowa ba."

Na ce masa rubutun nan muka zo gani. Ya ce yana nan, ba inda ya je, sai dai awaki sun ɗan rufe shi. Ya buɗe ƙofa. Kashin awaki ne na shekara da shekaru, ya daddanne ya yi tauri, ya kusa kai gwiwa. Na tambaye shi a wace kusurwa rubutun yake. Ya dafa goshi, ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ce tsufa ya cinye masa kai, amma in mun fara daga bakin ƙofa ba za mu rasa shi ba. Ya ƙara da cewa kada mu zubar da takin a banza, ga gonarsa nan kusa. Kafin mu ce wani abu ya fito da shebur da kwanon lebura biyu, irin na kamfani na da.

Haka babban akawun ma'aikatar tarayya da magatakardan kwamiti suka shiga jidar taki. Da Pam yana loda mana, Yaya Asabe tana zaune kan dutse tana ba da umarni. Abin da ya ba ni tsoro, ina ɗora kwanon nan a ka wuyana ya gane shi. Ban ko riƙe da hannu ba. Na yi wannan aikin ina yaro a wannan barikin, ina jidar ƙasa daga rami, amma na binne abin a raina har na kusa mantawa. Barnabas kuwa sau biyu kwano na kife masa a kafaɗa. Ya cire kwat, ya cire suwaita, a ƙarshe har hular.

Muka share kusurwa ta farko, ba komai. Ta biyu, ba komai. Ta uku, sai wata tsohuwar ƙusa. La'asar ta kawo kai, gonar Da Pam ta yi baƙi ƙirin da taki, sannan tsohon nan ya taka kai tsaye zuwa kusurwa ta huɗu, bayan gindin inji, ya buga shebur sau uku ya ce, "Yawwa, na tuna. A nan yake." Na dube shi, ya dube ni, ko kunya babu a idonsa.

Aka kawo ruwa daga tafki aka wanke wurin. Rubutu ya fito raɗau kamar jiya aka yi. A sama layi ɗaya na ajami. A ƙasa lambobi huɗu na boko, manya-manya. Na durƙusa na karanta lambobin. Na goge ido na sake karantawa. Na zagaya ta ɗaya gefen ko a juye nake gani. Ba a juye ba ne.

Ba zan faɗi shekarar ba, kada ku wahalar da kanku. Abin da zan faɗa shi ne, ta girmi wadda nake iƙirari da shekara biyar. Ta girmi ta kwamiti ma da biyu. Likitan nan da na yi shekaru ina kira makaho, ashe rangwame ya yi mini. Tun shekara biyu da suka wuce ya kamata in bar aiki.

Barnabas ya durƙusa kusa da ni, littafi a hannu.

"Oga, lamba na gani. Amma wannan rubutu na sama ban iya shi ba. Me ya ce?"

Barnabas bai iya ajami ba. Da Pam bai iya ba. Yaya ta iya, amma ta kawar da kai tana kallon tafki. In na ce bismilla ce aka rubuta, ko sunan wani lebura, shi ke nan, mun zo ba mu sami komai ba, in koma in ci gaba da jayayya da kwamiti, wataƙila ma in yi nasara. Wallahi na yi tunanin haka, ba zan ɓoye ba. Na tuna zogalen Hajara. Amma idona na kan rubutun, hannun Baba ne sak, da yadda yake jan lam ɗinsa dogo kamar yadda yake rubuta mini a allo. Mutum ya durƙusa a nan da ƙusa, yana murna an haifa masa ɗa. Na kasa cewa ba ni ba ne.

Na ce, "Sunana ne. Haladu ɗan Audu."

Barnabas ya sake duban lambobin. Sannan ya miƙe, ya saita akwatin hotonsa, ya ɗauka.

Na juya kan Yaya, raina a ɓace. Na ce ta yaya takardar makaranta za ta yi ƙaryar shekara biyar?

"Takarda ba ta yi ƙarya ba, Baba ne ya yi," in ji ta. "Ka tuna Sale, ɗan maƙwabtanmu, wanda kuke jidar ƙasa tare? Ka tuna ranar da gefen rami ya rufto masa? A makon nan Baba ya kama hannunka ya kai ka makarantar boko. Aka ce ba a ɗaukar wanda ya wuce bakwai. Kai kuwa sha biyu gare ka, sai dai kwano ya danne ka ba ka yi tsawo ba. Baba ya dubi malamin nan ido cikin ido ya ce shekararka bakwai. Ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, kafin nan ko bayan nan. Ita ke nan guda ɗaya, kuma ita kake ci har yau."

Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Ni ne na fara gemu a ajinmu, aka ce gado ne. Ni ne muryata ta fashe tun ana koya mana baƙaƙe. Shekara ukun da na zo ƙwatowa, ashe an riga an ba ni biyar kyauta tun ban san kaina ba, na cinye su ban ko gode ba. Na zauna a kan gindin injin nan cikin jar rigar mata, jikina duk taki, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne Baba.

Da na natsu na ce, "Yaya, kin san duk wannan, kika bar ni na kwashe kashin awaki wuni guda?"

"Ka tambaye ni? Kai da ka zo da ɗan rubutu da akwatin hoto? Kuma shekara nawa ina roƙon a kawo ni in ga kabarin Inna, kowa ya ce ba hanya? Tashi mu je, rana na faɗuwa."

Da Pam ya kai mu. A ƙarshen gonarsa akwai wani fili da bai taɓa sa wa fartanya ba, ya kewaye shi da ƙyarana, ya ce ya san mutanen bariki ne ke kwance a wurin. Muka yi wa Inna addu'a, da Sale, da sauran. Barnabas ya cire hular da ya mayar, ya tsaya a gefe. Da za mu tafi tsohon ya cika mana buhu da dankali, na karɓa ba godiya mai yawa, don na san da guminmu a na baɗi.

Washegari muka gangara Hawan Kibo muka dawo Abuja. Ban roƙi Barnabas komai ba, na san ba a roƙonsa. Ranar Talata na shiga ofishin shugaban kwamiti na janye ƙorafina, na ce na yarda da Disamba. Abin da ya rage shi ne rahoton Barnabas da hoton nan. In suka nuna na zarce da shekara biyu, ba makulli kaɗai zan miƙa ba, da takardar tuhuma za a raka ni ƙofa bayan aikin shekara talatin da ɗoriya.

Rahoton ya fito layi biyu. Ya ce mun je, mun ga wurin, ba a sami wata shaida da ta nuna Malam Haladu ya gaza shekarun da kwamiti ya rubuta ba. Na karanta sau uku ina neman ƙarya a ciki, babu ko ɗaya.

Sai hotuna suka dawo daga wanki. Inji ya fito tas. Tafki ya fito tas. Ni da jar kwat mun fito fiye da yadda nake so, shi ne ma ya zaga ofis har labarin ya iso gare ku. Sha ɗaya duk garau. Na sha biyun, sunana ya fito da hannun Baba, kowane baƙi a fili, amma a daidai lambobi biyu na ƙarshe sai ga wani ƙaton babban yatsa ya rufe su ruf.

A watan Disamba na miƙa makullin gidan Garki. Hajara ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, a na uku ta yanko reshen zogalenta ta sa a cikin kaya. Barnabas ne ya samo mana gidan da muke ciki yanzu a nan Kuje, ɗaki biyu, rijiya a tsakar gida, kusa da na kawunsa. Reshen ya kama. Hoton kuma yana rataye a falo, duk wanda ya zo gaishe ni sai ya tambayi yatsan wane ne.

Sau ɗaya na taɓa tambayar mai yatsan. Muna zaune a ƙofar gida, na ce, "Barnabas, hoto sha ɗaya ba yatsa, sai wannan?"

Ya kurɓi shayinsa, ya dubi titi.

"Oga, ni magatakarda ne. Ban taɓa ce maka na iya hoto ba."